Tayoyin Gefen Bango

Shekara talatin da ɗaya Likita ya yi yana leƙa bakunan mutane, kuma huɗubarsa ɗaya ce, ba ta canzawa. Sai ya kwantar da kai a kujera, ya dalle maka fuska da fitila, ya cusa maka auduga ta yadda ba ka da bakin musu, sannan ya fara: "Haƙoran gaba na mutane ne, na ciki su ne naka. Kowa so yake a goge masa na gaba su yi ƙyalli, turamen da ke yi masa wahalar tauna kuwa ko oho. To ranar da turmi ya tashi ramuwa, murmushi ba ya ceton kowa." Mutum yana kwance yawu na dalala, iyakarsa ya ce "ah, ah", Likita kuma ya ɗauka amin ake ce masa.

Mutumin kirki ne, kada a yi masa ƙarya. Hannunsa da sauƙi, kuma ba ya cire haƙorin da zai gyaru. Sai dai Allah ya haɗa masa halaye biyu da bai kamata su kwana ɗaki ɗaya ba: rowa da son a sani. Son a sani ne ya saya masa mota bayan furfura ta gama cinye masa kai, ja wur, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa gaisuwa, irin wadda in ta yi gurnani sai tattabarun unguwa sun tashi. Rowa kuma ita ke tuƙa ta. Likita bai taɓa wuce giya ta uku ba, don ya ji an ce daga nan take fara shan mai. Masu keke sukan wuce shi, su waiwayo su gaishe shi. In zai fito daga cikinta sai ya dafa ƙofa, gwiwa ta yi ƙara, ya duba ko wani ya ji.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda daɗewarta a aikin koyarwa, ta zagaya motar sau ɗaya ranar da aka kawo ta, ta ce ko cefane ba ta da wurin sawa, ta koma ga tsohuwar ƙaramar motarta mai ruwan toka. Wadda ta kamu da son jar motar ita ce Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita kaɗai cikin 'ya'yansa da ta bi sawunsa ta shiga karatun likitan haƙori. A ranar, cikin zumuɗin sabon abu, ya yi mata alkawari a gaban kowa: ranar da aka yaye ta, ita za ta tuƙa shi a motar nan zuwa wurin taron.

Auta ba ta manta alkawari. Kuma tuƙinta ba irin na ubanta ba ne. A motar Malama ta koya, tana taka ta har sai ta fara rawar ɗari. Abu ɗaya ne ba ta taɓa koya ba, shi ne duba abin da ubanta ya riga ya duba. Tun tana ƙarama shi ke gwada mata birkin keke, shi ke leƙa jakarta ranar jarrabawa, shi ke karanta takardar magani kafin ta sha. In uwarta ta ce ta sake dubawa sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Abba ya duba." A wurinta maganar nan ta fi hatimin hukuma ƙarfi, Likita kuma ba abin da ke faranta masa rai a duniya kamar jin ta.

Ana saura wata uku a yaye su Auta, sai ga Injiniya, yayan Malama, ya zo ziyararsa ta ranar Asabar. Ya yi ritaya, ba shi da aikin yi, kuma mutum ne da ke karanta rubutun jikin taya yadda wasu ke karanta jarida. Tun da aka ɗaura auren ƙanwarsa bai taɓa yaba wani abu da Likita ya saya ba. Ya tsuguna gaban motar, ya shafa taya, ya girgiza kai kamar ya zo gaisuwar mutuwa.

"Likita, tayoyin nan sun suɗe. Sun fi kaina santsi."

"Da saura, Yaya."

"Saura me? Saura haɗari?" Ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Kuma don Allah in za ka canza, kada ka sa mata silifa. Mota irin wannan ba a yi ta don kowa ba. In mutum ba zai iya saya mata takalmi ba, gara ya sayar wa wanda zai iya."

Ya faɗi sunan tayar da ta dace, suna mai murɗe harshe, ya maimaita shi sau biyu a hankali kamar yana koya wa ɗan aji ɗaya. Likita ya yi dariyar da ba ta wuce haƙoran gaba ba.

Ranar Litinin ya rufe asibitinsa da wuri ya tafi wurin Mai Taya. Shago ne dogo mai warin roba, tayoyi jere har rufi. Mai Taya ƙato ne mai magana a hankali, ya taɓa kwanciya a kujerar Likita, ya sha huɗubar turame har ƙarshe. Ya mirgino taya biyu ya jingina su a gabansa. Ɗaya baƙa siɗik, zanenta kamar an yi shi da alƙalami, sunan nan mai murɗe harshe a jikinta da manyan haruffa da ɗan siririn layi ruwan ɗorawa. Ɗayar ma baƙa ce, ita ma zagayayya, sai dai sunanta ko wanda ya ƙera ta bai tsayar da shi ba: a wannan harafi bakwai ne, a 'yar'uwarta da ke cikin jeri takwas.

Likita ya tambayi kuɗin ta farko. Da aka faɗa masa sai ya nemi kujera.

"Na huɗun ke nan?"

"Na ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ita ke tuƙa motar da kanta?"

"Roba ce mai laushi, tana kama kwalta. A kwana ba ta sakin hanya, a ruwa in ka taka birki tana tsayawa inda ka ce. Kuma kada in ɓoye maka, ta fi saurin cinyewa."

"Ta fi tsada, kuma ta fi saurin mutuwa?"

"Haka abin yake."

"Wannan fa?"

"Huɗunta ba su kai biyun waccan ba. Kuma ba zan zage ta ba, tana aikinta. Gaskiya, Likita, irin tuƙin da nake gani kana yi, ka sa huɗu masu arahar nan ka huta. Za su kai ka asibiti su dawo da kai har ka gaji da su. Mai tsadar ta mai gudu ce."

Da Mai Taya ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Likita ya zauna tsakanin tayoyin biyu, rowa na jan hannu ɗaya, son a sani na jan ɗayan. Kuɗin yana da su, ba wannan ba ce matsalar. Fitar da su ne ke masa kamar cire turmi ba allura. In ya sa masu araha, ya san Asabar na zuwa, Injiniya zai tsuguna. Can sai fuskarsa ta washe, irin washewar da ke zuwa wa mutum in shaiɗan ya ba shi shawara kyauta.

"Ba ni biyu-biyu."

Mai Taya ya ɗan ɓata rai. "Ba na so, amma ana yi. Masu kyan sai su tafi baya, su riƙe maka gindin motar."

"A'a. Gefen direba za ka sa su, gaba da baya. Masu arahar su koma ɗaya gefen."

Mai Taya ya dube shi. "Likita, mota ce fa, ba hoto ba."

"Ni ke biya."

"Kai ke biya, ni ke ɗaurewa. Gefe ɗaya na kama ƙasa, ɗaya na sulɓi, ranar da ka taka birki a ruwa kowane gefe ra'ayinsa zai bi. Ba da hannuna ba. Kai da kanka ka ce mini na ciki su ne nawa."

"Wancan haƙori ne."

A baya aka ɗaura masu tsadar, yadda Mai Taya ya ce. Likita ya biya, ya yi godiya, ya ja mota. Bai yi nisa ba ya tsaya wurin wani mai faci a gindin bishiya, mutumin da bai taɓa tambayar kowa dalili ba tun da ya fara sana'a. Cikin minti ashirin aka ɗaga mota, aka musanya ƙafa biyu. Gefen direba ya zama na masu hali, ɗaya gefen na talakawa.

Dabarar ta zauna daram saboda yadda gidansa yake. Wurin ajiye motar wani ɗan tsukin fili ne tsakanin ƙofar gida da bangon maƙwabci. Likita ya koyi matse gefen fasinja da bango ta yadda ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta wuce. Ranar Asabar Injiniya ya zo, ya tsuguna, ya karanta ta gaba, ya ja gwiwa ya karanta ta baya, ya danna roba da babban yatsa. Ya miƙe a hankali.

"Likita," ya ce, "ka yi abin kai."

Shekara kusan talatin Likita yana jiran kalmomin nan. Ya ji su har tafin ƙafarsa. Auta da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Ai Kawu, Abba ba ya rabin aiki," sai daɗin ya ɗan ragu, amma ya share.

Daga nan rayuwarsa ta koma lissafin gefe. A gaban asibiti sai ya zagaya layi biyu don ya zo ta inda gefen direba zai kalli masu wucewa. A gidan mai yana da famfo ɗaya da yake yarda da shi, ko da layi ya kai titi. In an gayyace shi taro sai ya riga kowa zuwa ya nemi bango, in babu bango ya nemi shinge, in babu shinge ya raɓa jikin babbar mota. Mutane na wucewa suna yaba motar Likita da tayoyinta, kallon kitse suke wa rogo. Fasinja kuwa ya daina ɗauka gaba ɗaya, don fasinja ta wancan gefen yake shiga. Da Malama ta ce ya sauke ta a kasuwa ran nan, sai ya ce kujerar ce ta saki, ana jiran kayan gyara.

"Kujerar ce ta saki," ta maimaita, tana dubansa ta saman tabarau yadda take duban yaron da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. "To bangon nan fa, me ya yi maka kake matse shi haka?"

"Inuwa nake nema mata."

"Allah ya ba da inuwa."

Ana saura mako biyu aka yi ruwan farko. Da la'asar ne, Likita na dawowa daga aiki a giyarsa ta uku, sai wani mai babur ya yanko masa gaba a shataletale. Ya taka birki da ƙarfinsa duka. Abin da Mai Taya ya faɗa shi ya faru, ba ragi ba ƙari: gefen direba ya ce a tsaya, ɗaya gefen ya ce shi bai ji ba. Motar ta fizge sitiyari daga hannunsa, gindinta ya zagayo, ta tsaya a karkace tana sumbatar dakalin titi, hancinta na kallon inda ta fito. Ba wanda ya ji ciwo. Kuma abin kunya, abu na farko da Likita ya yi shi ne duba ko akwai wanda ke tsaye ta gefen fasinja.

Tsoro ya kama shi na gaske. A gudun da masu keke ke wuce shi ke nan motar ta yi masa haka. Hanyar makarantar su Auta kuwa babbar hanya ce, mai wata doguwar kwana a gangare, kuma ya san wadda za ta riƙe sitiyarin.

Washegari ya kama hanyar shagon Mai Taya da niyya mai kyau. Ya iso layin, ya hango ƙaton yana tsaye a ƙofa da tsumma a kafaɗa. Sai ya tuna mutumin zai zagaya motar, zai ga abin da aka yi bayan ya hana, ba zai ce komai ba, kallo kawai zai yi. Rowa kuma ta matso ta raɗa masa kuɗin biyun da suka rage. Likita ya ɗaga masa hannu ta taga, ta gefen direba, ya wuce kamar dama hanya ce ta biyo da shi. Ya ce wa kansa ai ba kullum ake ruwa ba. A busasshiyar kwalta motar lafiya lau take. Daga ranar ya zama masanin yanayi: yana cikin cike wa mutum haƙori sai ya leƙa waya ya ga me aka ce game da ranar Alhamis ta sama, ranar yayen. Wayar ta ce rana. Ya yi mata addu'a.

Har shigarsa motar ya shirya. Tunda shi ne fasinja ranar, kuma ƙofarsa na jikin bango, sai ya riƙa gwada shiga ta ƙofar direba yana tsallake giya, dattijo mai ciwon gwiwa, da rana tsaka in gida ba kowa. Sau biyu wandonsa na kamawa a birkin hannu. A wurin taro kuma cunkoso zai rufa masa asiri.

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Likita ya tsaya a baranda cikin sabuwar kwat ɗinsa yana kallon sama kamar wanda aka ci amanarsa. Don ya sama wa hannunsa aiki, ya ɗauki lema da ma'aunin iska ya zagaya tsohuwar motar Malama, wadda za ta ɗauke ta ita da yayanta, ya gwada tayoyinta huɗu ɗaya bayan ɗaya. Auta na kallonsa ta taga tana gyara hula, ta yi masa murmushi. Can ta fito cikin doguwar rigar yaye, takalma masu tsini a hannu, na tuƙi a ƙafa. Injiniya na biye da ita da ƙatuwar lema da waya a shirye don hoto. Ta miƙo tafin hannu.

"Abba, makulli."

"Auta, kin ga ruwan nan kuwa? Ko mu bi mamanki, in ya so ranar Lahadi..."

"Haba Abba! Shekara uku ina jira."

"Hanya da santsi."

"Santsi?" Injiniya ya yi dariya har lemarsa na girgiza. "Da waɗannan tayoyin? Likita, kai ka saya amma ba ka san abin da ka saya ba. Ruwa ai abincinsu ne. Zanen nan da kake gani, kowane layi kora ruwa yake yi gefe. Ni da za a ba ni zaɓi, a ruwa zan gwada su. 'Yata, kada ki ji komai, taka ta. Ubanki ya kashe kuɗi inda ya kamata, sau ɗaya dai a rayuwarsa."

"Ka ji ko, Abba? Kuma ai ka duba."

Ramin da ya haƙa ke nan, kuma ya haƙa shi daidai tsawonsa. Likita ya sa mata makulli a hannu. Ya ce bari ya fara shiga, ya tsallake giya a gaban kowa, Injiniya na tambayar wannan wane salo ne, Malama na cewa ita dai ta daina tambaya. Ya zauna a kujerar da ya ce ta saki. Tagarsa ba ta nuna masa komai sai bangon maƙwabci, ruwa na gangarowa a jikinsa, tazarar yatsa huɗu da hancinsa.

Auta ta shigo, ta tattare rigar, ta ja kujera gaba, ta gyara madubi. Ta murɗa makulli motar ta yi gurnani, ta ɗan taɓa totur ta ƙara, irin muryar da Likita bai taɓa jin motarsa ta yi ba. Ta juyo tana dariya da dukan bakinta. Ya san kowane haƙori a bakin nan. Shi ya cire mata na farko da zare tana shekara shida, ta tsaya cak ba ta ko rufe ido ba, don ya ce mata ba zafi.

"Abba, ɗaura bel. Yau za ka san me ka saya."

Ya ga gangaren nan, ya ga kwanar, ya ga ruwa kwance a kanta. Ya ɗora hannunsa a kan nata a bisa giya.

"Ja ta gaba kaɗan. A hankali. Ki bar jikin bangon, ki tsaya."

"Me ya faru?"

"Yi dai yadda na ce."

Ta ja ta zuwa tsakiyar fili ta tsaya. Likita ya miƙa hannu ya kashe motar da kansa. Ya buɗe ƙofar fasinja, karo na farko cikin wata uku, har ta yi ƙara don rashin sabo. Ya fito cikin ruwa ba lema, gwiwa ta yi ƙararta bai duba kowa ba.

"Ku zagayo," ya ce. "Yaya, kai ma. Zo ka yi karatu."

Suka zagayo. Injiniya ya tsuguna gaban ta gaba, ya goge ruwa da hannu, ya karanta. Ya matsa ta baya, ya karanta, ya dawo ta gaba ya ƙirga haruffa da yatsa. Ya tashi ya koma gefen direba ya tabbatar idonsa ba gizo yake masa ba, ya sake dawowa.

Likita ya faɗa musu duka, a tsaye, ruwa na shiga masa wuya: Mai Taya da gargaɗinsa, mai faci, shataletale, da ranar da ya je ya wuce. Bai rage komai ba, har da wayar da ya riƙa dubawa.

Malama ce ta fara magana. "Taya ce? Wata uku ina zaton wata kake ɗauka a kujerar nan, har na fara shinshina rigunanka. Ashe taya ce!" Ta riƙe baki, dariya na cin ta, haushi na cin ta. "Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Haƙoran gaba na mutane ne, ko ba haka ba, Likita?"

Nan Injiniya ya fashe da dariya har ya saki lema, yana cewa shi a duk karatunsa bai taɓa ganin mota mai riga a gaba tsumma a baya ba. Likita ya tsaya ya sha, don ya san ya ci bashin wannan dariyar tun tuni. Abin mamaki ma bai yi masa zafin da ya zata ba. Ba su yake kallo ba.

Auta ba ta yi dariya ba. Tana tsaye gaban tayar mai harafi takwas, gefen rigarta na shan ruwa, makullin da ta zaro a hannunta. Ta ɗago ta dubi ubanta.

"Tun mako biyu ka sani?"

"Na sani."

"Kuma ka ba ni makullin."

"Na ba ki, Auta. Amma ai na tsayar da ke."

"Ka tsayar da ni." Ta gyaɗa kai a hankali. Muryarta ba faɗa a ciki, da ma faɗan ta yi. "Abba, da ka yi shiru da na tafi. Wallahi ko waiwayar tayar ba zan yi ba. A kwanar nan ma na yi niyyar nuna maka."

Ta miƙa masa makullin, ya karɓa. Malama ta daina dariya, ta ce lokaci na tafiya, kowa ya shiga tata motar, Auta ta ja su, dattawa biyu su matsu a baya. Injiniya ya shiga yana share hawaye, ya ajiye jiƙaƙƙiyar lemarsa a kan gwiwar Likita. Malama ta zauna gaba ta miƙa wa 'yarta makulli ta taga.

Auta ba ta shiga ba. Ta tattare rigar yayenta da hannu ɗaya, ta tsuguna gaban tayar gaba ta tsohuwar motar, ta shafa zanenta, ta danna. Ta tashi ta nufi ta baya.

"Ke, za ki jiƙe!" in ji Malama. "Ai Abbanki ya duba su ɗazu, kina kallo."

"Na gani, Mama," ta ce.

Ta zagaya ta bayan motar zuwa ɗaya gefen. Likita na zaune da makullin jar motarsa a dunƙule a hannu, yana bin ta da ido ta gilashin da ruwa ke wankewa, har ta gama duba ta huɗun.